Filin Tambaya da Amsa: Sabon kokatil ɗina yana gudu na, ya zan yi ya saba?

Kusan duk saƙonnin da suka shigo wannan karon a kan kokatil ne, ƙaramin akun nan mai tukku a ka da ɗigo mai launin ruwan lemo a kumatu, shi ya sa na haɗe su wuri guda.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, don Allah a taimaka min. Maigida ne ya kawo min kokatil kyauta sati biyu kenan, kyakkyawa ne wallahi amma ko kusa da kejin na je sai ya koma can lungu yana huci, in na sa hannu kuma ya dinga fuffuka yana bugun ƙarfe, jiya dai na gaji na kamo shi don in shafa shi sai ya gantsara min cizo a yatsa har da jini. Ina ganin na mutane a bidiyo suna hawa kafaɗa suna fito, ni nawa sai ka ce ya ga dodo. Ko dai mugun aka ba mu? Daga wata uwargida.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Ba mugu ba ne, tsoro ne ya cika masa ciki, kuma kamun jiya ya ƙara masa wani a kai. Sati biyu ai ba a fara komai ba a wurin tsuntsun da zai iya yin shekara 15 zuwa 20 a hannunki, wasu ma suna haura 25 in sun samu kulawa. Waɗanda kike gani a bidiyo galibi tun suna 'yan tsaki aka ciyar da su da hannu, sun buɗe ido sun ga mutum, hannu a wurinsu abinci ne. Wanda iyayensa suka raina a babban keji cikin 'yan'uwansa kuwa, iyakar abin da ya sani game da hannu shi ne ranar da aka cafko shi aka sa a kwali. Shi ma yana sabawa, sai dai ya fi cin lokaci, wani 'yan satittika, wani sai an kwashe watanni.

Asalin tsuntsun nan Ostireliya ne, a busassun filaye suke yawo garke-garke suna sauka ƙasa su tsinci iri, kuma abin da ke cin su ta sama yake zuwa, shaho da danginsa. To ki duba, halittar da duka nauyinta bai wuce giram 80 zuwa 100 ba, sai ga wani ƙaton hannu ya sauko mata ta saman kai ya damƙe fukafukanta, me kike so ta yi in ba cizo ba? Don haka abu na farko, daga yau ki daina kama shi. Hannunki ba zai shiga kejin ba sai don canza ruwa da abinci, shi ma a hankali, ta ƙasa, ba tare da kin nufi inda yake ba.

Ki duba inda kejin yake. Ki jingina shi da bango don ya samu gefe ɗaya da ya san ba abin da zai ɓullo masa, tsayinsa ya zo daidai ƙirjinki ko fuskarki, kada a ajiye shi a ƙasa mutane suna tsallake shi. Ɗakin da ake zama ya fi, yana ganin shige da ficen mutane yana sabawa, amma ban da kicin, zan faɗi dalili a ƙasa. Sai ki samu kujera ki dinga zama a gefe kina sabgarki, karatu ne ko danna waya ne, kina yi masa magana ƙasa-ƙasa. Kada ki zuba masa ido ƙur, mai farauta ne yake yin wannan kallon, ki dinga kallonsa ta gefe kina ɗan lumshe ido.

Abin da ya sa kokatil ya fi sauran ƙananan aku sauƙin karantawa shi ne tukkun nan. In ya miƙe tsaye ƙyam, jikin ya tsuke ya yi siriri, to ya firgita ko wani abu ya ɗauke masa hankali. In ya kwanta rabi ya ɗan karkata baya, gashin kumatu ya ɗan taso ya rufe gefen baki, hankalinsa a kwance yake. In kuwa ya shafe a kai gaba ɗaya, ga baki a buɗe ga huci yana lilo da jiki hagu da dama, to cewa yake ki matsa, kuma in ba ki matsa ba cizo ne zai biyo. Aikinki kullum shi ne ki gano nisan da tukkun yake kwance rabi, ki tsaya a nan, gobe ki ƙara taku ɗaya. Ranar da ya sauko ya ci abinci kina zaune a wurin, ko ya ɗaga ƙafa ɗaya yana gyangyaɗi yana wani gurza baki ƙiris-ƙiris, to kin ci zangon farko, don tsuntsun da ke jin tsoro ba ya yin wannan a gaban mutum.

Sai a zo kan cin hanci. Ba abin da ke karya kokatil kamar zangarniyar gero, irin siririyar nan da ake sayarwa don tsuntsaye. Ki fara rataye masa guntu a keji ya san daɗinta, daga nan ki cire, kada ya ƙara samunta sai a hannunki. Ki riƙe doguwa ta tsakanin ƙarafuna, ƙarshenta na kusa da shi hannunki na can nesa, ki tsaya cak kamar minti biyar. Zai yi kamar bai gani ba, zai juya baya, zai miƙo wuya ya janye, ke dai kada ki bi shi da ita. In bai zo ba ki tafi abinki, an jima ki dawo. In ya fara ci, kullum ki dinga rage tsawon zangarniyar har ya zama bakinsa na kusa da yatsunki. Bayan nan ki buɗe ƙofa ki riƙe a bakin ƙofar, sannan a ciki, sannan ki ɗora yatsa ɗaya a kwance tsakaninsa da geron yadda in yana so sai ya taka ki. Ranar farko ƙafa ɗaya zai ɗora ya janye da sauri kamar ya taka wuta, kada ki yi ihun murna, kada ki motsa.

In ya saba takawa, sai ki koya masa hawa da umarni: ki kawo yatsa ta gabansa, ki ɗan taɓa ƙasan ƙirjinsa sama da ƙafafu kaɗan, ki ce "hau", kalma ɗaya kullum, ya hau ki ba shi gero nan take. Wata sa'a zai fara kai baki ya riƙe yatsan, ba cizo ba ne, gwadawa yake ya ji ko reshen zai ɗauke shi, in kika fizge a lokacin kin koya masa cewa hannunki ba abin yarda ba ne. Minti 10 sau biyu a rana ya isa, kuma ki dinga tashi tun yana cikin jin daɗi, kada ki bari sai ya ƙosa.

In ya cije ki fa? Ba duka, ba ɗalle masa baki, ba girgiza hannu, ba tsawa. Ki sauke shi a hankali ki ba shi baya na ɗan lokaci, sannan ki tuna me tukkun ya nuna kafin cizon, kusan kullum ya yi gargaɗi ba a kula ba. In kina jin tsoron bakinsa ki fara da ɗan sanda a maimakon yatsa, ba laifi. Safar hannu dai ban ba ki shawara ba, tsoronta suke ji fiye da hannun.

Ranar da za ki fara fito da shi, a kashe fanka tukuna, wannan ba wasa, a rufe ƙofa da taga, a saki labule a kan gilashi da madubi don bai san gilashi ba zai tafi da gudu ya buga kai, in akwai mage a fitar da ita. Ki buɗe ƙofar kejin ki bar shi ya fito da ƙafarsa. Mayar da shi ma kada ki bi shi da gudu kina jefa masa zani, aikin wata guda zai rushe a minti biyu. Ki sa geron a cikin keji ki jira yunwa ta yi aikinta. Masu cewa a yanke masa gashin fiffike don ya yi saurin sabo, ni ba na cikinsu, tsuntsun da ya zauna a hannu don ba shi da hanyar gudu ba sabo ya yi ba. In dole ta sa saboda yanayin gida, to wanda ya iya ya yi, fiffike biyun daidai, kaɗan, yadda zai iya saukowa a hankali ba ya faɗo tim ba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Nawa ya saba da ni sosai, amma sau biyu kenan cikin dare ina barci sai in ji kejin ya kaure da fuffuka kamar ana yanka shi, da safe in ga gashi a zube, na ƙarshen ma akwai jini a fiffikensa. Na duba ban ga ɓera ko maciji ba. Me ke faruwa? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Ƙanena wannan firgitar dare ce, kuma kokatil ya yi suna a kanta fiye da yawancin tsuntsayen gida. Ba ya gani sosai a duhu, to da zarar wani abu ya motsa, hasken mota ya gifta a bango, labule ya kaɗa, ƙadangare ko kyankyaso ya wuce, abin da jikinsa ya sani shi ne ya tashi sama, sama kuwa ƙarfe ne, sai ya yi ta bugawa yana ƙara firgita kansa. In ka ji, ka kunna fitila nan da nan ka yi masa magana a hankali da muryar da ya sani, kada ka zura hannu yana cikin wannan halin. Ka bar fitilar har numfashinsa ya daidaita ya koma kan sandarsa.

Maganin hana shi, ka bar ɗan ƙaramin haske a ɗakin duk dare, in kana rufe kejin da ƙyalle ka rufe gefe uku ka bar ɗaya, ka matsar da shi daga jikin taga. Kuma ya samu barcin awa 10 zuwa 12, ɗalibi mai karatun dare da fitila da waya har ƙarfe biyu, tsuntsunsa ma ba ya barci, rashin barci kuwa yana sa su faɗa da ihu.

Jinin nan shi ne abin lura. Sabon gashin da ke tsirowa akwai jini a cikin ƙwaryarsa, za ka ga gindin ya yi duhu, in ya karye yana zuba kuma ɗan tsuntsun nan ba shi da jinin asara. Ka naɗe shi a tawul mai laushi, ka barbaɗa garin sitaci ko fulawa a wurin ka danna a hankali na 'yan mintuna. In bai tsaya ba ko yana dawowa, sai likitan dabbobi, don wata sa'a sai an cire karyayyen gashin gaba ɗaya.

TAMBAYA: Malam jikokina ne suka matsa aka sayo, yanzu hidimar ta dawo kaina. Iri kawai nake zuba masa, yana tsince 'ya'yan sanfulawa ya watsar da sauran. Yaran kuma duk abin da suke ci sai sun miƙa masa. Akwai matsala? Daga wani dattijo.

AMSA: Baba Allah ya ƙara girma, akwai matsala kam, sai dai ba ta nunawa da wuri. Iri zalla maiƙo ya yi masa yawa, ga ƙarancin bitamin A da kalsiyam, bayan shekaru sai ka ga ƙiba da ciwon hanta da gashi marar ƙyalli. Sanfulawa a mayar da ita tukuici, ƙwaya kaɗan a rana. In ana samun abincin nan na ƙwayoyi da ake haɗawa musamman don tsuntsaye, wanda ake kira pelet, a fara cakuɗa shi da irin ana ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin satittika, kada a canza masa dare ɗaya, kokatil yana iya zama da yunwa a gaban abincin da bai gane abinci ba ne. A haɗa da ganye mai duhun kore da karas da tattasai da kabewa, a yanka ƙanana ko a rataye ganyen da jiƙe-jiƙensa, suna son yagar sa. Zai ƙi a farko, a ci gaba da sawa, in ya ga mutum yana ci a gabansa ya fi saurin gwadawa. Dafaffen ƙwai kaɗan lokaci-lokaci ba laifi. A rataye masa farin ƙashin kifin nan da ake sayarwa don kalsiyam. Tsakuwa kuwa ba ya buƙata, don shi ɓare iri yake kafin ya haɗiye. Wani abin da ke yaudarar mutane, kwanon zai yi kamar a cike alhali ɓawo ne kawai a sama, a dinga hurewa ana dubawa, ruwa kuma a canza kullum.

Su jikoki a zaunar da su a gaya musu: ban da fiya, wato avocado, ko kaɗan, tana kashe tsuntsu, ban da cakulan, kofi, shayi, albasa, tafarnuwa, da duk abin da ke da gishiri ko mai da yawa, kuma kada su ba shi abu daga bakinsu.

Maganar kicin da na yi alkawari. Numfashin tsuntsu ba irin namu ba ne, abin da mu za mu ji ɗan ƙauri kawai shi yana iya kashe shi. Kaskon nan da abinci ba ya kamawa, mai rufin Teflon, in aka bar shi a wuta ya yi zafi fiye da ƙima yana fitar da tururin da ke kashe tsuntsu cikin ƙanƙanin lokaci. Haka hayaƙin sigari, turaren wuta, turaren fesawa, maganin sauro na fesawa da na kunnawa. In za a yi ɗaya daga ciki a fitar da kejin, sai iska ta wanke ɗakin a dawo da shi.

TAMBAYA: Malam abin mamaki, tawa ita kaɗai ce ba namiji amma na wayi gari na ga ƙwai a ƙasan keji, na ɗauke, bayan kwana biyu ta sake yin wani. Kuma ta koma faɗa, da can har bayanta nake shafawa tana kwantar da jiki. Daga wata 'yar'uwa.

AMSA: 'Yar'uwa ba abin mamaki ba ne, macen kokatil tana yin ƙwai ba namiji, sai dai ba zai ƙyanƙyashe ba. Ki daina ɗaukewa. Yawanci tana yin 4 zuwa 7, ɗaya duk bayan kwana biyu, in kina kwashewa sai ta yi ta cike gurbi har kalsiyam ɗin jikinta ya ƙare. Ki bar mata su ta kwanta a kai, kwancinsu kwana 18 zuwa 21 ne, in ta ga shiru da kanta za ta watsar, lokacin sai ki kwashe. Faɗan da take yi gadi ne, zai wuce.

Shafar bayan nan kuwa tana cikin abin da ya jawo. A wurin tsuntsu, taɓa baya da ƙarƙashin fiffike da gindin wutsiya aikin abokin aure ne, ki tsaya a kai da wuya da kumatu kawai, can ma suka fi so, za ki ga ta sunkuyar da kai tana jira. Ki cire duk wani abu mai kama da sheƙa, kwali, lungu mai duhu, yagaggiyar takarda, madubi ma in tana yi masa kwarkwasa, ki ƙara mata tsawon dare ya kai awa 12 ko ya ɗan fi, don doguwar rana ce ke gaya wa jikinta lokacin haihuwa ya yi.

Abin da ba a jira da shi: in kika gan ta a ƙasan keji ta kumbura gashi, tana nishi, wutsiya na sama da ƙasa da kowane numfashi, ƙasan ciki ya kumbura, ƙila ƙwai ne ya maƙale. Kada ki matsa cikin, ki sa ta wuri mai ɗumi ki nufi likita a ranar. Wannan ya shafi kowa ma, tsuntsu yana ɓoye ciwo har sai ya ci ƙarfinsa, duk wanda ya ga nasa ya daina ci, yana barci da rana ido a rufe gashi a tashe, ko kashinsa ya canza kala kwana da kwanaki, kada ya ce bari mu ga gobe.

TAMBAYA: Malam ya ake gane namiji da mace, kuma yaushe zai fara magana? Sannan ina so in ƙaro masa na biyu. Daga wani mai karatu.

AMSA: Ɗan'uwa in mai launin toka ne na asali, ka jira canjin gashi na farko, wajen wata 6 zuwa 9. Namiji fuskarsa za ta koma rawaya shar, ɗigon kumatu ya ƙara haske, mace kuwa fuskar tana nan da tokarta kuma akwai layi-layi a ƙarƙashin wutsiya. Masu launin fari da rawaya da masu dabbare-dabbare suna da wuyar ganewa da ido, sai gwajin DNA ko hali, namiji shi ne mai yawan fito da ƙwanƙwasa baki a jikin ƙarfe da buɗe kafaɗu yana taƙama. Magana kuwa kada ka sa rai da yawa, gwanintarsu fito ce, wasu mazan suna kama kalma biyu uku da wata shaƙaƙƙiyar murya, mata ba kasafai ba. Ka zaɓi gajeren fito ɗaya ka dinga maimaita masa safe da yamma, amma ka zaɓi wanda za ka iya jure ji shekara da shekaru.

Na biyun ka bari sai wannan ya gama sabawa da hannu, in ba haka ba junansu za su riƙe su manta da kai. In ka kawo shi, keji daban ɗaki daban na kwana 30 aƙalla, kana wanke hannu tsakaninsu, saboda akwai cututtukan da ba sa nunawa da wuri, har da zazzaɓin aku wanda yake iya kama mutum. Ka kuma sani kokatil yana fitar da wata farar ƙura daga gashinsa, biyu kuwa ƙurar ta ninku, in akwai mai asma a gidan a yi shawara tukuna. Fesa musu ruwa mai ɗan ɗumi sau biyu ko uku a sati da safe yana rage ta, kuma yawancinsu suna so, za ka ga sun buɗe fukafukai sun sunkuya suna neman ƙari.